Ka sauke font: wane fayil za ka ɗauka, kuma ina za ka girka shi?

Fayil ya gama sauka. Ka shiga folda ka tarar da shi a ɗaure cikin ZIP, ka kwance, sai ga fayiloli kusan ashirin sun zubo: wasu na ƙarewa da .ttf, wasu da .otf, ga wata ƙaramar folda mai suna static, ga takardar lasisi a gefe wadda ba mai buɗe ta. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu tattara su duka mu danna Install mu kama gabanmu. Sau da yawa kuma lafiya lau ake wucewa. Ranar da abin ya ƙi kuwa, mutum sai ya kashe yini guda yana laluben inda matsala take, yana zargin Word, yana zargin firinta, alhali tun a daƙiƙa biyar ɗin farko aka yi ɓarnar.

Font, wato salon haruffan da kwamfuta ke zana rubutu da shi, girka shi ba wani aiki ba ne mai wuya. Wuyar tana wajen zaɓi: inda za ka ajiye shi, da kuma wanne daga cikin tagwayen fayilolin nan za ka ɗauka ka bar sauran. Zan fara da wurin ajiya, don shi ne ya taɓa wahalar da ni.

Naka kai kaɗai, ko na duk mai hawa kwamfutar

A da, Windows gida ɗaya ta tanadar wa font, wato C:\Windows\Fonts, kuma ba ka isa ka saka komai a ciki ba sai kana da iznin mai kula da kwamfutar. Daga sabuntawar Windows 10 ta watan Oktoban 2018, wadda ake kira 1809, aka buɗe gida na biyu a cikin asusun kowane mai amfani, can ƙarƙashin AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts, folda ce ma a ɓoye wadda ba ka ganin ta sai ka neme ta. Shi ya sa yanzu idan ka danna maɓallin dama na linzami a kan fayil ɗin font za ka ga umarni biyu, Install da Install for all users. A Windows 11 wani lokaci sai ka fara danna Show more options kafin su bayyana. Na farko yana kai font ɗin ɗakinka, ba ya tambayar kalmar sirri. Na biyu yana kai shi tsakar gida, kuma sai da izni.

Da farko na ɗauka bambancin bai shafi mai kwamfuta shi kaɗai ba. Ni ɗaya nake hawa tawa, to mene ne na damuwa da “duk masu amfani”? Wata rana na girka wani font da zan buga katunan shaida da shi. Na buɗe Word, ga shi nan a jeri. Na buɗe wata tsohuwar manhaja da nake tsara katunan da ita, babu shi babu dalilinsa. Na rufe na sake buɗewa, shiru. Na kashe kwamfutar na kunna, shiru. Na koma na sake danna Install, Windows ta ce ai font ɗin yana nan, ko ina so a maye gurbinsa? Na ce e, har sau uku, kamar mai ƙara wa rijiya ruwa. Sai can da yamma na cire shi gaba ɗaya, na sake girkawa da umarni na biyun, na buɗe manhajar, sai ga sunansa zaune a jeri kamar bai taɓa ɓata ba.

Dalilin ba wani abu ba ne mai zurfi. Manhaja mai bin ƙa'ida tana tambayar Windows ne ta ba ta jerin font, ita kuma Windows ta haɗo na gidajen biyu ta miƙa mata. Amma akwai waɗanda aka rubuta tun kafin 2018, ko waɗanda ke da tasu hanyar lalube, da suke zuwa kai tsaye su leƙa tsohuwar foldar, abin da ba su gani a can ba kuwa a wurinsu babu shi a duniya. Haka ma ayyukan da ke gudana a bayan fage da wani asusu dabam, kamar manhajar da ke mayar da takardu PDF da kanta: ba ta ganin abin da ke ɗakinka. Saboda haka idan kwamfutar taka ce, kuma kana da iznin, ni shawarata ita ce ka riƙa zaɓar Install for all users. Daƙiƙa biyu zai ƙara maka, ya raba ka da irin yinin nan nawa.

To amma kada a ce girkawa a asusu ba ta da rana. A kwamfutar wurin aiki, inda ba a ba ka kalmar sirrin mai kula ba, ita ce kaɗai ƙofar da ke buɗe, kuma kafin 2018 sai ka bi mai kula da kwamfutoci kana roƙo a kan font ɗaya tak. A kwamfutar da mutum uku ko huɗu ke rabawa, babu adalci ka cika wa mai rubuta wasiƙa jerinsa da salon kwalliya ɗari da ba ruwansa da su. Ga kuma gwaji: font ɗin da ba ka tabbatar za ka riƙe ba, gara ya tsaya a ɗakinka, idan ya zo da matsala kai kaɗai ta shafa, cire shi kuma ba ya neman izni. Akwai ma batun lasisi, domin font ɗin saye galibi ana ƙidaya shi ne da yawan masu amfani ko yawan kwamfutoci, sai ka duba abin da takardar ta ce kafin ka baza wa kowa. Abu ɗaya dai ka riƙe: duk abin da ke cikin asusu yana tafiya tare da asusun. Ranar da aka goge shi, font ɗin sun bi shi.

Jan fayil ka jefa a shafin Fonts da ke cikin Settings, ƙarƙashin Personalization, shi ma hanya ce, kuma a nan ne ya fi sauƙi ka ga abin da ka girka ka cire wanda ba ka so. Kowace hanya ka bi, abu biyu ba sa canzawa. Sai ka kwance ZIP tukuna, kuma manhajar da take buɗe lokacin da ka girka sau da yawa ba za ta ga sabon font ba sai ka rufe ta ka sake buɗewa, don a lokacin tashi take karanta jerin.

A Mac lissafin ya juya. Can ma akwai gidaje: foldar Fonts da ke cikin Library na asusunka, da wadda ke cikin Library na kwamfutar gaba ɗaya, da ta uku a ƙarƙashin System wadda aka kulle, ba a taɓa ta. Sai dai rabon nan tsoho ne a Mac, manhajojinta sun taso sun same shi, don haka font ɗin da ke asusunka kusan kowace manhaja tana ganin sa. Ba ka da dalilin kai shi tsakar gida sai idan da gaske wani mai asusu dabam zai yi aiki da shi. Manhajar Font Book, wadda Apple ta fito da ita tun 2003, ita ke karɓar fayil ɗin idan ka danna shi sau biyu. Tana duba lafiyarsa kafin ta girka, ta gargaɗe ka idan ya lalace ko idan kana da irinsa, kuma tana barin ka kashe font ba tare da ka goge shi ba. Wannan na ƙarshen abu ne mai daɗi ƙwarai, musamman ga mai tara kaya.

Mai Linux shi ya fi kowa ganin abin a fili. Ka jefa fayil a ~/.local/share/fonts ya zama naka, ka jefa a /usr/local/share/fonts ya zama na kowa, idan bai bayyana ba ka buga fc-cache -f, ka duba da fc-list. Zaɓin da ya fi muhimmanci a nan shi ne tsakanin saukewa da hannu da ɗaukowa daga rumbun manhajojin tsarin. Idan font ɗin yana rumbun, kamar dangin Noto, ɗauko shi daga can, don zai riƙa samun gyara tare da sauran manhajoji. Na hannu kuwa yadda ka ajiye shi haka zai zauna har abada.

Idan font sun yi yawa

Duk abin da na faɗa a sama na mai font ashirin ne ko hamsin. Mai aikin zane da ya tara ɗaruruwa ko dubbai, matsalarsa dabam ce. Kowane font da aka girka, manhajoji sai sun lissafa shi idan za su tashi, jerin zaɓi kuma ya yi tsawon da neman suna ɗaya ke zama aiki. A nan ne hanya ta uku ke shigowa: manhajar kula da font, irin su FontBase da ke aiki a Windows da Mac da Linux, ko NexusFont da MainType a Windows, ko RightFont da Typeface a Mac. Dabarar ita ce ba ka girka komai. Fayilolin suna zaune a foldar da ka ga dama, ka kasa su rukuni-rukuni, na wannan aiki, na wancan mai ba da aiki, na kanun labari, sai ka kunna rukunin da kake buƙata yau, gobe ka kashe shi. Kana kuma iya rubuta jimlarka ka gan ta da salo hamsin a jere kafin ka zaɓa, wanda ya fi ƙarfin abin da ƙaramar tagar Windows ke nunawa.

Kowane allazi da nasa amanu. Font ɗin da aka kunna ta wannan hanya yawanci yana raye ne muddin manhajar tana aiki. Ka manta ba ka tashe ta ba, ka buɗe takardar jiya, sai ka ga kanun da ka tsara sun koma wani salo, layuka sun zame, shafi huɗu ya zama biyar. Ka matsar da foldar ko ka canza mata suna, sai ka sake nuna wa manhajar hanya. Don haka ko masu amfani da ita, abin da ya fi musu shi ne su raba: font ɗin yau da kullum, guda biyar ko goma da kowace takarda ke buƙata, a girka su sosai, sauran tarkacen a bar wa manhajar. Wanda bai kai ga jin nauyin jerinsa ba kuwa, bai kamata ya ɗauko wa kansa wannan ɗawainiya ba.

Akwai kuma haya. Adobe Fonts, wanda asalinsa Typekit ne da Adobe ta saya a 2011, yana zuwa tare da biyan kuɗin Creative Cloud, wato tarin manhajojin Adobe. Ka kunna font a shafinsu, ya bayyana a manhajojinka, babu ZIP babu folda, lasisin kuma a sarari yake. Ga wanda dama yake biya, ba abin da ya kai shi sauƙi. Amma fayil ɗin ba naka ba ne. Ba za ka iya kwafa ka ba wani ba, InDesign, manhajar Adobe ta tsara shafuka, ba ta haɗa shi cikin kunshin da take tattarawa don aikawa, kuma ranar da ka daina biya ya ɗauke. Takardar da za ka buƙaci buɗewa ka gyara bayan shekara biyar, ni ba zan gina ta a kan font ɗin haya ba.

TTF ko OTF, da sauran 'yan rakiya

Za ka ji ana cewa OTF ya fi TTF don shi ne sabo, shi ne na ƙwararru. Maganar tana da tushe, amma ta tsufa. Apple ce ta ƙirƙiro TrueType, ta fito da shi a 1991, don ta huta da dogaro da tsarin Type 1 na Adobe. Microsoft ta karɓa ta saka a Windows 3.1 a 1992, tare da Arial da Times New Roman da Courier New. A 1996 Microsoft da Adobe suka sanar da OpenType, wanda ya zama kamar akwati ɗaya da ke iya ɗaukar zane iri biyu: na TrueType, ko na PostScript irin na Adobe. Bisa al'ada, idan zanen TrueType ne a ciki sai a sa wa fayil .ttf, idan na PostScript ne a sa .otf. Ma'ana, yawancin fayilolin .ttf da ake saukewa yau su ma OpenType ne. Haɗaɗɗun haruffa, ƙananan manyan baƙaƙe, lambobi iri-iri, damar ɗaukar zane har 65,535, duk .ttf na iya ƙunsar su. Abin da ke cikin font ya dogara da ƙoƙarin wanda ya zana shi, ba da haruffa ukun ƙarshen suna ba.

Bambancin gaske kaɗan ne. Kowane harafi zane ne na layuka masu lanƙwasa. TrueType yana lanƙwasa layi da ɗigo ɗaya mai jan sa, PostScript da ɗigo biyu. Wannan damuwar mai zana font ce, idonka ba zai gani a takarda ba. Na biyu, TrueType yana da cikakken tsarin umarni da ke gyara zaman harafi a kan ɗigogin allo idan rubutu ya ƙanƙance, saboda haka .ttf da aka yi wa aiki mai kyau yakan fi fitowa tsaf a allon Windows mara kaifi. Mac ba ta cika kula da wannan umarni ba, allo mai kaifi kuma ya rage masa muhimmanci. Na uku shi ne wanda ke cizo: Word da PowerPoint suna iya cusa font mai zanen TrueType a cikin takarda ya yi tafiya da ita, amma ba sa yin haka da mai zanen PostScript. To idan aikinka a Office yake, ɗauki .ttf ka huta. Idan a InDesign ko Illustrator ko Affinity kake, duk wanda ka ɗauka daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ɗaukar duka biyun. Sunan da manhaja ke gani yana cikin fayil ne, ba a bayansa ba, don haka tagwaye masu suna ɗaya za su yi ta rigimar wuri, yau wannan ya fito gobe wancan.

Irin wannan rigima ce ke jiran wanda ya sauke daga Google Fonts ya tattara komai. A saman ZIP ɗin sau da yawa za ka ga fayil mai kalmar VariableFont a sunansa, a ƙasa kuma foldar static cike da fayiloli. Abu ɗaya ne aka kawo maka ta siga biyu. Sigar farko ta fito ne a 2016, lokacin da Adobe da Apple da Google da Microsoft suka sanar da OpenType 1.8: fayil ɗaya da ke ƙunshe da duk kaurin harafi, daga siriri mai lamba 100 zuwa jibgege mai lamba 900, har da duk abin da ke tsakani. A manhajar da ta san shi, irin su Illustrator da Photoshop da Figma, za ka ja ɗan maɓalli ka tsaya a 430 ko 615 idan ka ga dama. Abin sha'awa ne, kuma a shafin intanet yana rage nauyi. Word kuwa ba ta da wannan maɓalli, kuma mu'amalarta da irin wannan fayil ba abin dogaro ba ce, musamman wajen fitar da PDF. Foldar static tana ɗauke da kowane kauri a fayil ɗinsa, tara a tsaye tara a karkace idan dangin cikakke ne. Tsohon yayi ne, amma babu manhajar da ke ƙin sa. Ni su nake girkawa, sai dai idan aikin da ke gabana yana neman kaurin da babu a cikinsu.

Ba dole ba ne ka girka duka goma sha takwas ɗin. Amma kada ka tsaya a Regular shi kaɗai. Idan ka danna B a Word alhali babu fayil ɗin Bold, ba za ta ce maka komai ba, sai ta kumbura siririn da kanta, ramukan a da e su cushe. Idan ka danna I alhali babu fayil ɗin Italic, sai ta tura haruffan gefe kamar iska ta kaɗa su. Huɗu ne mafi ƙaranci: Regular, Italic, Bold, Bold Italic. Sauran, irin su Light da SemiBold, a Word sukan fito ne da sunansu dabam a jeri.

Ragowar 'yan rakiyar ba sa buƙatar dogon bayani. Fayil mai .woff ko .woff2 matsattsen font ne na shafukan intanet, ba a girka shi a Windows. Mai .ttc font da yawa ne a ƙunshi ɗaya, ana girka shi kamar kowa. Masu .pfb da .pfm su ne tsohon Type 1, wanda Adobe da kanta ta daina tallafa wa a watan Janairun 2023, kada ka fara sabon aiki da su. Idan kuwa ka je sauke font aka miƙo maka .exe, to ba font aka ba ka ba, goge shi. Ko font na gaske ma ba a ɗauko shi ko'ina, domin fayil ne da tsarin kwamfuta ke karantawa ya bi umarninsa: a 2011 muguwar manhajar nan Duqu ta shiga kwamfutoci ne ta wata ɓaraka a yadda Windows ke karanta TrueType, a ɓoye cikin takardar Word. An toshe wannan, Windows 10 kuma ta fitar da aikin karanta font daga cikin zuciyar tsarin zuwa keɓaɓɓen wuri, amma rigakafi ya fi magani.

Gwajin da ya kamata ya riga girkawa

Duk kyan font, idan ba shi da haruffan da kake rubutu da su, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Masu rubuta harsunan da ke da haruffa na musamman kowa da nasa ciwon kan, namu shi ne masu ƙugiya: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, da Ƴ ƴ ga masu rubuta shi haka maimakon 'y. Wani abin lura shi ne a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba a unguwa ɗaya suke ba. Manyan huɗun, da ƙananan ƙ da ƴ, suna rukunin Latin Extended-B. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can rukunin haruffan nazarin furuci, IPA Extensions. Shi ya sa ganin ƙ a font ba ya tabbatar maka da ɗ. Kuma manhaja ba za ta yi ƙorafi ba. Idan ta rasa harafi sai ta aro daga wani font a ɓoye. Ka rubuta “haɗin kai” da siririn salo mai kyau, sai ka ga ɗ ɗin ya fito da kauri, ya ɗan fi 'yan'uwansa tsawo, ƙugiyarsa ta jingina da i, kamar baƙo a hoton dangi. A ƙaramin rubutu kana iya wucewa ba ka lura ba. A kanun da aka buga babba, kowa zai gani.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. A Google Fonts akwai wurin rubuta jimlarka kafin ka sauke. Rubuta wani abu kamar “Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a ɗaki”, ka ƙara Ƙ da Ɓ, ka ƙara girman sosai, ka zuba ido. Da yake burauza ma tana yin aron nan, abin da ya fi tabbas shi ne duba jerin haruffan font ɗin kansa: Character Map a Windows, Font Book a Mac. Ka gwada mai kauri da karkatacce su ma, don akwai dangin da ba duk 'ya'yansa ne aka cika wa haruffa ba. Idan kana son wanda ba sai ka yi fargaba ba, font ɗin da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi, wato Charis da Doulos da Gentium da Andika, don irin wannan buƙata aka zana su, haka ma Noto Sans da Noto Serif na Google. Salon kwalliya da ake samu a shafukan kyauta kuwa, da wuya ka tarar da ƙugiya ko ɗaya a cikinsu.

Takardar nan da ba mai buɗewa, a buɗe ta. “Kyauta” iri biyu ce. Akwai lasisin SIL Open Font License, wanda sigarsa ta 1.1 ta fito a 2007, kuma mafi yawan abin da ke Google Fonts a ƙarƙashinsa yake: ka yi aikin kuɗi da font ɗin, ka cusa shi a PDF, ka ba wani, ka gyara shi ma, sai dai ba a yarda ka sayar da shi shi kaɗai ba. Akwai kuma mai cewa kyauta ne don amfanin kai kawai, wanda ya cika shafuka irin su DaFont: katin gayyatarka ba laifi, amma tambarin kamfani ko bangon littafin sayarwa sai ka biya mai shi. Na saye kuma lasisinsa a rarrabe yake, na girkawa a kwamfuta dabam, na shafin intanet dabam, na manhajar waya dabam. Ni dabi'ata ita ce ina da folda guda a wajen foldar tsarin, inda nake ajiye kowane ZIP yadda ya zo, da takardar lasisinsa. Duk ranar da aka sake wa kwamfuta tsari, ko na koma sabuwa, daga nan nake girkawa.

Saura abin da ke ruɗa sababbin shiga fiye da komai: girka font a kwamfutarka bai sa shi cikin takardar ba. Takardar Word sunan font kawai take ɗauka. Ta isa kwamfutar da ba ta da shi, sai a maye shi da wani, tsarin ya wargaje. Idan wanda za ka aika wa karantawa kawai zai yi ko bugawa, PDF ne amsa, don yana tafiya da haruffan da aka yi amfani da su. Idan zai gyara, ko dai ka haɗa masa da fayil ɗin font in lasisi ya yarda, ko ka shiga File, Options, Save a Word ta Windows ka kunna Embed fonts in the file, kana sane da cewa takardar za ta yi nauyi, kuma akwai font da mai shi ya sa masa alamar hana cusawa. Masu zane suna da wata hanya, mayar da rubutu zane zalla, wanda ke raba shi da font kwata-kwata, sai dai daga nan ba a ƙara gyara ko harafi ɗaya, don haka a kwafi ake yi, ba a asali ba. PDF ɗin ma kada ka yarda da shi ido rufe. Buɗe shi a Acrobat Reader, shiga Properties, duba shafin Fonts: kowane suna ya kamata ka ga Embedded ko Embedded Subset a gefensa. Wanda babu komai a gefensa, bai bi takardar ba, yana nan a kwamfutarka.